Tsabtace Ruwan Sha A Lokacin Ambaliya: Halin Da Ake Ciki A Bagudo

Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, tana cikin yankin da Kogin Kwara ke shigowa Nijeriya ta wajen Lolo bayan ya raba Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin. Idan kogin ya cika ya batse daga watan Agusta zuwa Satumba, kamar yadda ya faru a 2020, ruwa kan shafe gonakin shinkafa, ya kutsa masai da turakun dabbobi, sannan ya kwashi ƙazanta ya zuba cikin rijiyoyin da ba su da murfi. Ta haka kwalara, wato cutar amai da gudawa, ke samun hanya, cutar da ta hallaka mutum fiye da 3,000 a Nijeriya a 2021.

Tsabtace irin wannan ruwa aiki ne hawa biyu, kuma rashin fahimtar hakan ke jefa magidanta cikin haɗari. Hawa na farko shi ne kwantar da laka, ko da alam ko da garin ƙwayar zogale, waɗanda ke tattara datti ya sauka ƙasa, sai dai ruwan da ya yi garau yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Hawa na biyu shi ne kashe su, ta hanyar tafasawa, ko jefa ƙwayar kulorin irin su Aquatabs a jira minti 30, ko shanya ruwan cikin gorar roba marar launi na tsawon awa 6 a rana mai ƙarfi. Kulorin da rana duka ba sa cin ruwa mai laka yadda ya kamata, shi ya sa ba a tsallake hawan farko.

Bayan haka sai ajiya, domin moɗa ɗaya da hannuwa da yawa ke tsomawa cikin randa takan mayar da aikin baya, alhali jarka mai ƙaramin baki da murfi tana kare ruwan. Tunda ambaliya na yanke hanyoyi, wajibi ne hukumar agajin gaggawa ta jiha da ɗakunan shan magani su kai waɗannan kayayyaki ƙauyukan bakin kogi tun kafin damina ta yi nisa, tare da koya wa mata ma'aunin amfani da su.