Waiwaye Adon Tafiya: Darar Da Ake Warwarewa Da Baya-Baya, Ko Babu Data

Duk wanda ya tashi a Gangara da ƙauyukan Jibiya ya san bin sawu. Akuya ta ɓata, a duba rairayi a ce nan ta bi, nan ta tsaya, nan wani ya ja ta. Ba wanda ya ga abin da ya faru, amma ƙasa ta faɗa. To akwai wani reshe na darar ces, wadda Larabawa ke kira shaɗaranji, da aka gina shi kacokan kan wannan basira. Kuma irin lissafinsa ne ke sa wayarka ta gagare ka a ƙarshen wasa.

Tambayar ta juya baya

Wasan wasa-ƙwaƙwalwa na ces da aka saba gani a manhajoji cewa yake: ga allo, nemo yadda za ka kashe sarki. Wasu kashe-kashen na da ban mamaki. Sa baƙin sarki a gidan h8, hasumiyarsa a g8, dakarunsa biyu a g7 da h7, sai farin doki ya sauka a f7. Shi ke nan, sarki ya mutu, domin 'yan gidansa ne suka toshe masa ƙofa. Dara ta ci gida ke nan. Wannan salo yana cikin littafin Lucena na ƙasar Sifen tun 1497.

Nazarin baya-baya kuwa tambayarsa daban ce: me ya faru kafin a iso nan?

Gwada wannan yanzu

Buɗe Lichess, manhaja ce kyauta marar talla da Bafaranshe Thibault Duplessis ya ƙirƙira a 2010. Shiga wurin shirya allo, ko ka zana gidajen a ƙasa, ka jera 'ya'ya huɗu: baƙin sarki a a8, farin sarki a c8, farin dakare a h2, sai farar giwa, wato ɗan nan mai tafiya a karkace, a g1. Baƙi ne ya yi takun ƙarshe. Wane taku ne, kuma me fari ya taka kafinsa? Masanin lissafi ɗan Amurka Raymond Smullyan ya kawo wannan a littafinsa na 1979.

Mu bi sawu. Baƙi ba shi da kowa sai sarki, don haka sarkin ne ya motsa. Bai fito daga b7 ko b8 ba, domin sarakuna biyu ba sa maƙwabtaka. Saura a7. Amma a7 na kan layin giwar da ke g1, wato yana ƙarƙashin hari. Yaya aka yi harin ya zo? Giwar ba ta taso daga h2 ba, akwai dakare a wurin da bai taɓa motsi ba. Da kuma a kan layin ta taso, da harin ya riga ya wanzu. Ke nan wani ɗa ne ya tare layin, sannan ya kauce. Ina yake? Babu shi a allo, an cinye shi. Ɗa ɗaya ne zai iya tashi daga layin ya faɗa a8: doki daga b6. Fari ya kai doki a8, baƙin sarki ya cinye shi. Ka gano ɗan da idonka bai gani ba.

Injin Stockfish da ke cikin manhajar ba zai ba ka wannan amsa ba, domin shi gaba yake kallo.

Yadda kwamfuta ta koyi waiwaye

Sai dai masana sun ɗauki dabarar suka ba kwamfuta. Tana fara jera duk yanayin da sarki ya mutu, ta koma baya taku ɗaya, ta sake komawa, har ta san makomar kowane tsari. A 2012 masu bincike a Jami'ar Mosko suka kammala wannan rumbu ga 'ya'ya bakwai, mai girman kusan terabait 140. A cikinsa aka gano tsarin da sai an yi taku 549 kafin sarki ya mutu. Yau idan 'ya'ya bakwai ko ƙasa da haka suka rage a allonka, Lichess na nuna maka cikakkiyar amsa daga irin wannan rumbu, matuƙar kana da intanet.

Dabarar ta taɓa wasan Afirka ma. A 2002 John Romein da Henri Bal a Amsterdam suka warware awari, wasan ramuka na yammacin Afirka, bayan bin tsari sama da biliyan 889. Sakamakon: idan kowa ya yi wasa ba kuskure, kunnen doki za a yi.

Daga allo zuwa gindin bishiya

Darar gargajiya da dattawa ke bugawa da kara da tsakuwa, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowa, ita ma tana karɓar wannan tunani. Ka iske wasa a tsakiya, ɗaya na da 9, ɗaya na da 11, ka san an yi ci sau huɗu. Sai ka tambayi kanka: wane ɗa ne ya motsa ya cika jerin ukun ƙarshe?

Matasan Jibiya ba su manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda tsaro. Irin wannan wasa ba ruwansa da sabis. Ɗauki hoton allon a wayarka, ka kai wa abokai a majalisa, ka ɓoye amsar. Wanda ya fara cewa “doki” shi za a saya wa shayi.