Masu auna tsaunuka

Da yammacin Laraba, 28 ga Mayun 2025, wani ɓangaren tsauni ya ɓalle a kudancin Siwizalan, ya kwaso tulin ƙanƙarar da ake kira Birch, suka gangaro tare a kan ƙauyen Blatten. Kusan kashi 90 cikin ɗari na garin ya binne. Mutum ɗaya ne ya rasu. Sauran mazauna, su wajen 300, an kwashe su tun kwana tara kafin nan, da tumakinsu da shanunsu, har aka ga saniya tana reto a ƙarƙashin jirgi mai saukar ungulu. Ba bugun ƙasa aka yi ba. Akwai mutanen da aikinsu shi ne zuba wa tsaunin ido, su ne suka ga dutsen yana tsagewa, na'urorinsu kuma suna nuna motsin yana ƙaruwa kullum. Shekara huɗu kafin haka, ranar 7 ga Fabrairun 2021, irin wannan ɓallewa ta auku a gundumar Chamoli da ke arewacin Indiya. Can babu mai gargaɗi, sama da mutum 200 suka halaka ko suka ɓace, galibinsu ma'aikatan tashoshin wutar lantarki da ke bakin kogi.

Aikin sa ido a kan tsauni ba shi da wani armashi idan ka gan shi kusa. A ƙarshen bazara mai awo zai hau kan ƙanƙara da abin haƙa, ya huda rami mai zurfin mita da yawa, ya zura sanda ta ƙarfe ko ta roba har sai kanta kawai ya rage a waje, ya rubuta lamba. Baɗi war haka ya dawo. Idan ya tarar sandar ta fito waje da tsawon mutum biyu, to ƙanƙarar da ta narke ke nan a wannan wuri. Bayan hunturu kuma ya tona rami a cikin dusar da ta zuba, ya yanki guntu ya ɗora a sikeli don sanin nauyin ruwan da ke cikinta. Shi ke nan. Lambar shekara ɗaya ba ta gaya wa kowa komai, domin shekara kan zo da zafi, wata ta zo da sanyi. Sai an jera ta arba'in ko sittin sannan magana ke fitowa.

Turawa sun daɗe a wannan haƙuri. Tun 1894 aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa ta lura da ƙanƙarar tsaunuka, wadda magajiyarta ke zaune a birnin Zurich yanzu. Tashar yanayi ta Sonnblick a Ostiriya, a tsawon mita 3,106, tana aiki tun 1886. Da irin wannan dogon lissafi ne masana Siwizalan suka iya cewa, ba tare da kame-kame ba, ƙasarsu ta rasa kashi 10 cikin ɗari na ƙanƙararta a shekara biyu kacal, 2022 da 2023. Haka ma awon iskar kabon da Charles Keeling ya fara a tsaunin Mauna Loa na Hawayi a 1958: a lokacin kusan kashi 315 ne cikin miliyan, yau ya haura 420. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne akwai giɓi na 'yan watanni a lissafin na 1964, kuma ba na'ura ce ta lalace ba, kuɗi ne suka yanke.

Wannan ciwo na yankewar kuɗi ya fi cin Afirka. Ƙanƙarar Kilimanjaro an zana taswirarta a 1912, kuma zuwa 2007 kashi 85 cikin ɗari ya tafi. Mun san wannan ne daga tsofaffin taswirori da hotunan jirgin sama. A tsaunin Kenya, Stefan Hastenrath da abokan aikinsa sun auna ƙanƙarar Lewis kowace shekara daga 1978 zuwa 1996, sai aikin ya tsaya cak, ba a dawo ba sai 2010. Shekarun da suka wuce a tsakani ba a sayo su da kowane irin kuɗi. Masu ba da tallafin bincike sun fi son shiri na shekara uku mai taron buɗewa da na rufewa, alhali tsauni ba ya amsa tambaya cikin shekara uku.

Amma ni abin da ya fi damuna daban ne. An ƙware wajen ƙirga ƙanƙara da tsirrai da iska, mutanen da ke zaune a gindin tsaunin kuwa ba a bin diddiginsu da irin wannan naci. Su nawa ne, nawa suka tafi ci-rani ba su dawo ba, wa ya mallaki gona, ina burtali ya bi shekara talatin da suka wuce? Inda aka yi wannan aiki, sau da yawa ya ƙaryata abin da manya suka riga suka yanke.

Duwatsun Machakos na Kenya ne babban misali. A shekarun 1930 jami'an mulkin mallaka sun yanke hukunci cewa ƙasar Akamba, mutanen yankin, ta mutu: mutane sun yi yawa, dabbobi sun yi yawa, zaizaya ta cinye gangara. Sun ɗauki hotuna a 1937 don kafa hujja. Bayan fiye da shekara hamsin, Mary Tiffen da Michael Mortimore da Francis Gichuki suka koma da waɗannan hotuna a hannu, suka nemo wuraren da aka tsaya aka ɗauke su, suka sake ɗauka. Jama'a ta ninka sau biyar, amma tsiraran gangarun nan sun zama gonaki masu hawa-hawa da kunyoyi da itatuwa da kofi, da yawa daga cikinsu aikin gayyar mata ne, wanda Akamba ke kira mwethya. Littafin masu binciken ya fito a 1994. Mortimore ba baƙo ba ne a wurinmu, ya shafe shekaru yana koyarwa a Zariya da Kano, kuma a gonakin kewayen birnin Kano ya fara ganin yadda yawan jama'a kan sa manomi ya ƙara tattalin ƙasarsa. Robert Netting shi ma ya zauna da Kofyar na kudancin Filato a shekarun 1960, ya rubuta yadda suke noman tudu da taki, ya dawo a shekarun 1980 ya tarar da yawansu sun sauko fili suna noman doya don kasuwa. Da sau ɗaya ya je, da ya bar mana hoton mutanen da ba sa motsi.

Mu a Najeriya ba mu da ƙanƙara, amma muna da tsaunuka, kuma daga cikinsu muke sha. Kogin Kwara daga tsaunukan Gini ya faro, Binuwai daga na Adamawa a Kamaru, Kaduna da Gongola daga tudun Jos. Mun kuma ga abin da rashin sa ido ke jawowa. A 1984 tafkin Monoun na Kamaru ya amayo iskar kabon ya kashe mutum 37. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba a ɗauki wani mataki ba, sai ga tafkin Nyos a daren 21 ga Agustan 1986 ya shaƙe mutum 1,746 da dubban shanu. Sai a 2001 aka kafa bututun zuƙe iskar. Tsoron ɓallewar gaɓar wannan tafki na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a jihar Taraba.

A Mambila akwai abin yabo. A kurmin Ngel Nyaki, shirin da Hazel Chapman ta kafa a farkon shekarun 2000 ya horar da matasan ƙauyukan kusa, suna bin itatuwa suna rubuta lokacin da suka yi fure da 'ya'ya, kuma an keɓe fili wajen hekta 20 da aka maƙala wa kowace bishiya lamba. Bishiyoyin kurmin suna da rajista. Makiyaya da manoman da ke kewaye da shi, waɗanda rikicin ƙasa ya sha zubar da jininsu, rabonsu da a ƙirga su tun ƙidayar 2006.

Jami'o'in Jos da Jalingo da Mubi ba sa buƙatar tauraron ɗan Adam kafin su fara. Ma'aunin ruwan sama, sandar awo a bakin rafi, littafin gidaje na ƙauye biyu ko uku, da ma'aikaci mai albashi tsayayye wanda zai koma wuri guda kowace shekara, sun isa. Shugabannin waɗannan jami'o'i su sa aikin a kasafin kuɗinsu na bana, kada su jira mai tallafi daga waje.