Daga Motar Kara Zuwa Jirgin Ruwa

Da zarar an girbe dawa a ƙasar Gwarzo da Kabo, yara kan sami kayan aiki kyauta. Da reza da ɓawon kara da totuwa, yaro ɗan shekara goma zai ƙera babbar mota har da bodi da tayoyi, ba tare da zane ko ma'auni ba. Abin da ba a cika ganin sun ƙera ba shi ne jirgin ruwa, alhali kuwa ga madatsar ruwa ta Pada a Gwarzo, ga ta Guzuguzu a Kabo, ga kuma babbar madatsar Challawa a maƙwabciyarsu Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, duk masunta na shawagi a kansu da kwale-kwale.

A ƙasashen Turai, harhaɗa ƙananan jiragen ruwa na katako, irin masu tafiya da iska, abin sha'awa ne na manya da yara. Mutum kan sayi kwali guda, a ciki akwai zanen jirgin, da yankakken katako, da zare, da ƙyalle, da 'yan mitsi-mitsin ƙusoshi. Da farko zai kafa ƙashin bayan jirgin, ya jera masa haƙarƙari, sa'an nan ya bi da siraran katako yana jiƙa su, yana lanƙwasawa, yana mannawa da gam ɗaya bayan ɗaya. Aikin kan ci watanni. Yawancin waɗannan jirage na ado ne, a kan kanta suke ƙarewa. To amma wanda ya yi ƙarfin halin saka nasa a ruwa, nan da nan zai ci karo da wani abin mamaki: ko da ya kwaikwayi babban jirgin daidai wa daida, iska kaɗan za ta kifar da ƙaramin.

Dalilin lissafi ne. A ɗauka jirgi mai tsawon mita 50 ne aka mayar da shi mita 1, wato an rage tsawonsa sau 50. Faɗin ƙyallen da ke tare iska zai ragu sau 50 × 50, wato 2,500. Nauyin jirgin kuwa zai ragu sau 50 × 50 × 50, wato 125,000. Ashe ke nan nauyi ya gudu ya bar ƙyalle a baya, iskar da babban jirgi ba zai ko kula da ita ba ta zame wa ƙaramin guguwa. Saboda haka ne masu wannan sha'awa kan rataya dalma a can ƙarƙashin jirgin. Muddin nauyi na ƙasa, jirgin da ya karkata zai komo daidai. Idan nauyi ya hau sama, sai dai wani ikon Allah.

Wannan darasi an biya kuɗinsa da tsada. Ranar 10 ga Agusta 1628, jirgin yaƙin ƙasar Suwidin mai suna Vasa ya tashi daga Stockholm ɗauke da igwa 64. Bai wuce mita 1,300 ba iska ta karkata shi, ruwa ya kwarara ta tagogin igwa, ya nutse da kimanin mutum 30. Tun kafin ranar an gwada shi: an sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, a zagaye na uku aka tsayar da su don jirgin na neman kifewa. Duk da haka aka sake shi. An tsamo shi a 1961, yana kuma cikin jiragen da aka fi harhaɗa irinsu a yau. Sai a wajen 1872 ne wani injiniya ɗan Ingila, William Froude, ya gina doguwar kwatarniya a Torquay inda ake jan ƙananan jirage a auna halinsu tun ba a kashe dukiya a kan manya ba.

Ba sai an je Turai ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, jirgin fito ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Allah ya jiƙan su. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima.

Malamin kimiyya a Gwarzo ko Kabo ba ya bukatar kwalin Turai kafin ya nuna wa ɗalibai wannan. Guntun icen rimi ya isa, domin ba shi da nauyi, yana kuma da daɗin fafewa. A fafe shi kamar kwale-kwale, a sa a baho, a jera tsakuwa 10 a ƙasan cikinsa, a ɗan taɓa shi da yatsa: zai yi rangaji ya komo. Sai a gitta katako a bakinsa, a mayar da tsakuwar nan 10 a kai. Nauyi bai ƙaru ba ko kaɗan, wurin zamansa kawai ya canja, kamar yadda yake canjawa idan fasinjoji suka firgita suka miƙe tsaye. A sake taɓa shi, ɗalibai su ƙidaya sau nawa zai jure kafin ruwa ya shiga.