Bandejin da ba ya Manne wa Ciwo

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa ƙonewa da ruwan zafi a hostal, ko ya yanke a wajen firatikal, ya san azabar ɓamɓare auduga daga kan ciwo. Kana ja tana tahowa da sabon nama, jini ya sake ɓallewa.

Mun taso ana cewa a bar ciwo ya sha iska ya bushe. To, ashe ba haka ba ne. A 1962 wani masani ɗan Ingila, George Winter, ya yi gwaji a jikin aladu, ya ga raunin da aka rufe da danshinsa ya fi wanda ya yi ɓawo saurin haɗewa.

Nan ne haidirojel ya shigo. Dogayen zarurrukan folima ne da aka sarƙe kamar ragar kamun kifi. Ragar tana shan ruwa ta kumbura, amma ba ta narkewa, har ruwan ya kai kashi 90 cikin 100 na nauyinta. Idan aka ɗora a kan ƙuna sai ta sanyaya wurin, ta tausasa mataccen nama, kuma ranar cirewa ba kuka.

Sai dai fa akwai matsala: danshi da ɗumi su ne abin da bakteriya ke nema. Shi ya sa ake ba ragar makami. Wani lokaci folimar ce da kanta makamin, kamar citosan da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Cajinsa kishiyar na jikin bakteriya ne, don haka sai ya manne mata ya lalata fatarta. Wani lokaci kuma azurfa ake sakawa, ko zumar asibiti da aka tsabtace, su riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne yanzu da ƙwayoyin cuta ke ƙara bijire wa magunguna, musamman ga masu ciwon suga da gyambon ƙafarsu kan kai ga yankewa.

Amma a kula, haidirojel bai dace da ciwon da ke zubar da ruwa sosai ba, domin fatar gefe za ta jiƙe ta lalace. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa. Idan ka ƙone, don Allah bar man goge baki da ɗanyen ƙwai. Tara wurin a ruwa mai sanyi na minti 20, sannan ka nufi kilinik.