Hulba, Ciwon Sukari da Ƙarfin Maza a Gadarif

A Gadarif, ƙasar dawa da riɗi, magidanci mai ciwon sukari ba ya rasa mai ba shi shawara a kasuwa: "Malam, jiƙa hulba da habbatus sauda da citta, ƙarfinka zai dawo."

Matsalar kam akwai ta. A 2004 likitoci a birnin Buffalo na Amurka sun auna maza 103 masu ciwon sukari irin na manya, suka tarar kashi 33 cikin ɗari sinadarin mazakutarsu, wato testosteron, ya yi ƙasa. Ƙiba da tumbi suna da hannu a ciki. Wani kuma sinadarinsa lafiya lau, jijiyoyi ne sukari ya lalata.

To amma yawancin gwaje-gwajen da suka nuna ruwan waɗannan tsirrai yana ɗaga sinadarin, a kan ɓeraye aka yi su, bayan an sa musu ciwon da allura. Hulba dai tana rage sukarin jini, saboda haka mai shan ƙwayar Daonil ya yi hattara, kada nasa ya faɗi warwas. Madidar hulba kuwa, kowa ya san irin sukarin da ake antaya mata a gidajenmu.

Mai wannan damuwa ya je asibiti da sassafe a auna jininsa, domin a lokacin ne sinadarin yake kan ganiyarsa.