Nisan Hanya da Tsawon Lokaci a Tafiyar Jirgin Sama

Mutumin Mafoni a cikin Maiduguri, idan ya yi azamar zuwa Kano ta sama, abu biyu yakan tambaya kafin ya yanki tikiti, watau nisan hanyar da kuma sa'o'in da za ta ci masa. Amma kuwa waɗannan biyu ba koyaushe suke tafiya tare ba, domin nisa ƙayyadadde ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, alhali lokaci yana bin hukuncin iska da hazo da al'amuran duniya.

Tsakanin filin jirgin saman Maiduguri da na Malam Aminu Kano akwai kimanin kilomita 500 idan an miƙe sak, tafiyar da jirgi yakan yanke cikin kusan sa'a guda, ga shi kuwa mai mota, wanda dole ya ratsa Damaturu da Potiskum, yini yake yi a hanya. Wannan hanya ta sama tana da daɗaɗɗen tarihi, gama jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar a watan Oktoba na 1925 sai da suka ya da zango a Maiduguri kafin su sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, bayan kwanaki suna tsallaka Sudan zango-zango.

Sa'ar da aka rubuta a tikiti kuwa ba ta tashi kaɗai ba ce. Ana fara lissafinta tun daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda ya ɗauki fasinja, ya gangara kan titinsa yana jiran izini, har ya tsaya cak a ɗaya filin. Shi ya sa gajeriyar tafiya takan ci lokaci fiye da yadda nisanta ya nuna. A lokacin hunturu kuma, idan hazo ya rufe gari har matuƙi ba ya hango titin sauka, sai a ga fasinjoji sun yini zaune bisa jakunkunansu.

Al'amarin ya fi bayyana ga mahajjata. Daga Maiduguri zuwa Jidda kimanin kilomita 3,000 ne, tafiyar sa'a huɗu ko kusa da haka idan an miƙe sak, hanyar da kakanninmu suka riƙa takawa da ƙafa ta Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, waɗansu su yi shekaru suna noma suna tara guzuri, waɗansu kuma ajali ya riske su a can, Allah Ya jiƙan su. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin kujera ma ya hau, ba tare da Jidda ta gusa ko da taki ɗaya ba. Wajibi ne kuma alhaji ya tuna agogon Saudiyya yana gaba da namu da sa'a biyu, don kada lokutan salla su rikice masa.

Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun rataya hukuncin ƙasaru a kan nisa, barid huɗu, watau mil 48, ba a kan wahala ko daɗewa ba. Saboda haka wanda ya tashi daga Maiduguri zuwa Kano, ko da sa'a guda tak ya yi a sama, matafiyi ne a shari'a, kuma ƙasaru ta halatta gare shi.