Rediyo Da Rana, Telebijin Da Dare: Yadda Gidan Kaduna Ya Tsara Wa Jama'a Yininsu

Duk wanda ya buɗe tsofaffin jaridun ƙasar nan na shekarun 1960 da na 1970 zai tarar da wani ɗan gurbi a ɗaya daga cikin shafuffukan ciki, inda ake jera shirye-shiryen rediyo da na telebijin na ranar, kowane shiri da lokacinsa. Jerin na rediyo dogo ne, yakan faro tun da asuba har dare ya raba. Na telebijin kuwa gajere ne ƙwarai, domin 'yan sa'o'i ne kawai tsakanin yamma da dare. A wancan zamani ba mai kula da wannan gurbi sai wanda ke son ya san ƙarfe nawa za a karanta labaru. To, amma a yau shi ne kusan shaidar da ta rage game da shirye-shirye masu yawa waɗanda aka yi a Kaduna, aka ji, aka gani, suka wuce ba tare da an adana su ba.

Asalin abin

Rediyo ta riga telebijin isowa Arewa da shekara 18. A cikin 1944 ne aka buɗe tashar rediyo mai waya a birnin Kano. Akwatinta ba ya kama wata tasha dabam, domin waya ake jawo masa daga tashar, abin da aka sako shi mai akwati zai ji. An kuma kakkafa wasu lasifikoki a wuraren taruwar jama'a saboda waɗanda ba su da halin biyan kuɗin haya. A 1951 Gwamnatin Turawa ta kafa ma'aikatar watsa labaru ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka mayar da ita hukuma mai suna NBC a 1957.

Tsarin mulki na 1954 shi ne ya ba kowace jiha ikon kafa gidan watsa labarunta. Jihar Yamma, a ƙarƙashin Firimiya Obafemi Awolowo, ita ta fara cin moriyar wannan dama, ta buɗe gidan telebijin na WNTV a Badun ran 31 ga watan Oktoba, 1959, wanda ya zama na farko a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. Jihar Gabas ta bi sawu a Inugu cikin 1960. Ita kuwa Jihar Arewa, watau yankin nan da aka raba gida shida a 1967, ta buɗe nata a Kaduna cikin watan Maris na 1962, a zamanin Firimiya Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Gwamnati ta haɗa gwiwa da kamfanoni biyu na Ingila, EMI da Granada, aka kafa Kamfanin Watsa Labaru na Jihar Arewa, wanda aka fi sani da BCNN. Telebijin na Gwamnatin Tarayya a Ikko bai fara aiki ba sai a watan da ya biyo baya.

Rediyo da telebijin na Kaduna gida ɗaya suke, shugabanci ɗaya, kuma sau da yawa muryar da aka ji da rana a rediyo, mai ita ne ake ganin fuskarsa da dare a telebijin. Wannan ya sa aka raba musu aiki kamar yadda ake raba girki: rediyo ta ɗauki yini, telebijin ya ɗauki dare.

Dalilin wannan rabo

Ba don son rai aka yi haka ba, hali ne ya kawo. Akwatin telebijin yana bukatar wutar lantarki, wadda a lokacin ba ta wuce manyan garuruwa ba, a cikinsu ma sai wasu unguwanni. Tsadarsa ta sa ya zama kayan manyan ma'aikata da attajirai da Turawa. Bugu da ƙari, hoton telebijin ba ya tafiya nesa da na'urar da ke watsa shi, saboda haka mutanen Kaduna da Zariya da Kano da kewayensu ne kawai ke samunsa. Tun da yake kuma yawancin masu akwatin suna wurin aiki da rana, buɗe tasha da hantsi ɓarnar kuɗi ce.

Rediyo ba ta da waɗannan matsaloli. A daidai shekarun nan ne ƙaramar rediyo mai batir ta bazu a kasuwanni, manomi ya rataye ta a reshen itace a gona, makiyayi ya saɓa ta a kafaɗa, tela ya ajiye ta kusa da kekensa. Ta gajeren zango, musamman a kan mita 49, muryar Kaduna takan tsallake iyaka ta kai Nijar da Kamaru da Chadi, har zangunan Hausawa na Gana. Ban da Hausa da Turanci, gidan ya riƙa ware lokaci ga wasu harsunan Arewa kamar Fulatanci da Barbarci.

Yinin rediyo

Masu tsara shirye-shirye sun bi yinin jama'a ne yadda yake, ba su ƙago wani sabo ba. Akan buɗe tasha da asuba da karatun Alƙur'ani mai girma, sa'an nan labarun duniya da na gida, waɗanda ma'aikaci zai saurara kafin ya kama hanyar ofis. Sai sanarwoyi: na Gwamnati, na rasuwa, na ɗaurin aure, na cigiyar yaro ko dabba. Ga mutumin ƙauye wanda jarida ba ta kai wa, kuma ko ta kai ba lalle ya iya karanta ta ba, waɗannan sanarwoyi su ne wasiƙarsa.

Da hantsi, lokacin da yara ke aji, akwai darussa na musamman waɗanda sashen shirye-shiryen makarantu na Ma'aikatar Ilmi ke shiryawa, don taimakon malamai a zamanin da ƙwararru suka yi ƙaranci. Akwai filin mata a kan renon yara da tsabta, da filin manoma a kan taki da iri da feshi, wanda yakan sauya da sauyawar damina da rani.

Shirin da ya fi kowane jan jama'a shi ne Zaɓi Sonka. Mai saurare zai sayi kati, ya rubuta sunayen waɗanda yake gai da su da garuruwansu, ya aika ta gidan waya, ya zauna jiran ranar da za a karanta. Har ƙungiyoyi aka kakkafa a garuruwa na masu wannan gaishe-gaishe, mutane suka ƙulla zumunci da waɗanda ba su taɓa gani ido da ido ba. A tsawon shekarun kuma, wasu tun farko wasu daga baya, an sami Jakar Magori da Barka Da Yau masu kawo rahotanni daga sassa dabam-dabam, da wasannin kwaikwayo irin su Zaman Duniya Iyawa Ne da Duniya Budurwar Wawa. Ta wannan gida ne waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos suka shiga gidajen da su makaɗan ba su taɓa takawa ba.

In watan azumi ya kama, sai tsarin ya juya gaba ɗaya domin a ba tafsiri wuri. Daga 1967 aka riƙa watsa tafsirin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello na Kaduna, daga baya aka ƙara da na wasu malamai. Haka nan in wani babban al'amari ya auku, rediyo ake fara dosa. Ran 15 ga watan Janairu, 1966, ranar da aka kashe Sardauna, ta wannan gidan rediyo ne Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa na juyin mulki.

Daren telebijin

Kafin lokacin buɗe tasha, mai akwati ba ya ganin komai sai wani zane marar motsi wanda injiniyoyi ke gwada na'ura da shi. Yara kan zauna su ƙura masa ido su yi ta jira. Da lokaci ya cika sai a kaɗa taken ƙasa, mai gabatarwa ya bayyana ya jera abin da za a gani a daren. Shirin yara ne kan zo da farko, kafin magariba. Bayan lisha sai labaru da Hausa da Turanci, da hira da wani jami'i ko malami, da kiɗan gargajiya, da fim. Kafin dare ya yi nisa sai a yi sallama, a sake kaɗa taken ƙasa, a rufe. Hoton duk baƙi da fari ne. Mai launi bai zo ba sai a tsakiyar shekarun 1970, kuma gidan telebijin na Jihar Binuwai da Filato a Jos shi ya fara nuna shi a ƙasar nan.

A shekarun farko, kaso mai yawa na waɗannan sa'o'i finafinan Amurka da Ingila ne suka cike shi, irin su Bonanza na kaboyi, da kokawar Turawa. Dalili kuwa shi ne hayar tsohon fim daga waje ta fi shirya sabon wasa a gida araha nesa ba kusa ba. Amma masu kallo sun nuna abin da suka fi so. Ranar wasan kwaikwayo na Hausa, falon mai akwati ba ya ɗaukar jama'a. Maƙwabta su cika tabarma, yaran unguwa su yi cincirindo a taga, wani mai gidan ma sai ya fito da akwatin tsakar gida don kowa ya samu.

Kukan Kurciya yana cikin wasannin farko da suka yi suna a telebijin na Kaduna. Daga 1973 aka sami Samanja Mazan Fama na Alhaji Usman Baba Pategi, tsohon soja wanda ya kawo Hausar bariki cikin falon jama'a, ya kuma sa farar hula suka fahimci zaman soja bayan yaƙin basasa. Kasimu Yero ya yi fice a Karambana da Tambari. Da gidajen telebijin suka yawaita, Sakkwato ta fito da Idon Matambayi, Jos ta fito da Karkuzu Na Bodara, Kano ta fito da Kuliya. Yawancin 'yan wasan ba haddace rubutu suke yi ba. Akan ba su ƙashin labari ne, su kuma su sa masa tsoka da bakinsu, abin da ya sa Hausarsu ta fito kamar ta zaure da kasuwa. Kowane wasa kuma yana ɗauke da gargaɗi, ko a kan cin hanci, ko auren dole, ko almubazzaranci, ko ƙin kai yara makaranta.

Sauyin zamani

Ƙarin albashin Udoji, wanda ma'aikata suka karɓa tare da ariyas a 1975, ya sa akwatin telebijin ya shiga gidajen matsakaitan ma'aikata. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta karɓe dukan gidajen telebijin na ƙasar, aka haɗa su a ƙarƙashin hukuma ɗaya bisa dokar soja ta 1977, watau hukumar da aka sani da NTA. Ɓangaren rediyo kuma ya koma ƙarƙashin FRCN daga 1978. A nan ne rediyo da telebijin na Kaduna suka raba gari bayan shekaru suna cin tuwo a akushi ɗaya. Labarun ƙarfe tara na dare daga Ikko suka zama wajibi ga kowace tasha, ana buɗewa wajen ƙarfe huɗu na yamma, a rufe wajen sha biyun dare.

A Jamhuriya ta biyu jihohi suka sake kafa nasu. Gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano, wanda a yanzu ake kira ARTV. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi, daga nan kuma aka shiga zamanin watsa shiri dare da rana ba rufewa. Tauraron ɗan'adam da wayar hannu suka ƙarasa rushe tsohon tsari, har ya zama kowa na kallon abin da ya ga dama a lokacin da ya ga dama.

Abin da ke shirin salwanta

Shirye-shiryen farko da yawa kai tsaye aka watsa su, ba a ɗauke su a kan komai ba. Waɗanda aka ɗauka kuma, saboda tsadar kaset, akan goge su a ɗora wani sabon shiri a kai. Ragowar da suka tsira suna fuskantar zafi da ƙura da laima, na'urorin da ke iya karanta su kuma an daina ƙera su. Su ma mutanen da suka yi aikin suna ta ƙarewa. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja ya rasu a 2023.

Asarar ba ta nishaɗi ce kaɗai ba. A cikin waɗannan kaset-kaset akwai Hausar da aka yi magana da ita shekara hamsin da suka wuce, da muryoyin sarakuna da malamai da makaɗa, da irin matsalolin da suka dami talaka a lokacin. Ya kamata hukumomin da suka gāji waɗannan gidaje su ware kuɗi a cikin kasafinsu, a ƙidaya abin da ya rage, a kwafe shi zuwa kwamfuta tun bai gama lalacewa ba. Ɗaliban jami'o'i da na kwalejoji masu neman abin da za su yi nazari a kai, ga fili nan a buɗe. Tsofaffin jaridu suna nan a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da kuma Arewa House, duka a Kaduna, inda za a iya tattara jerin shirye-shiryen shekara bayan shekara. Akwai kuma sauran tsofaffin ma'aikata, masu gabatarwa da masu ɗaukar hoto da injiniyoyi, waɗanda ke zaune a gida, a shirye suke su ba da labari in an je an tambaye su. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.